Gwangwanayen da Baba Ya Bari

Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma. Baba ya riga mu tafiya ana dab da saukar damina, bayan ɗan ciwon da bai kai a kira shi jinya ba. Na taso daga Bebeji inda nake aure, na tarar har an fita da shi. Na zauna a ɗakin Inna ina taya ta karɓar gaisuwa, kuma da yake kunnena ba ya hutu ko a gidan makoki, duk abin da aka faɗa a kansa na ji.

Mata dai shigowarsu iri ɗaya ce: "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan rai." Amma da zarar sun zauna sun gyara mayafi, sai kowa ta kawo nata. Wata ta ce mutum ne mai gaskiya. Ta kusa da ita ta ce, "Ƙwarai kuwa, sai dai akwai kafiya," ta tuna inda take, ta rufe baki da gefen mayafi. Ban ji haushinta ba, don ni ma na sha faɗar haka a gabansa. A waje, ta bakin soro, na ji muryar wani dattijo cikin mutanen da ruwan madatsar Tiga ya taso, yana cewa tun da suka dawo wannan yankin bai taɓa maimaita shuka a kan irin da ya saya a hannun Baba ba. Can wani ya yi ƙasa da murya ya ce, "To yanzu shagon fa, wa zai buɗe? Hadari fa na ta haɗowa." Aka ce masa ya ji tsoron Allah, ko kwana mutum bai yi a kabari ba. Amma tambayar kowa ce ya yi.

Ba wanda ya sani a lokacin cewa tuni an yi ɓarnar a tsakar gidanmu, kuma da kyakkyawar niyya aka yi ta.

Iri Baba yake sayarwa a Ƙafin Maiyaki: masara, dawa, gero, wake, in rani ya yi kuma tumatir da albasa don masu noman ban ruwa. Shagon a jikin soro yake, bayansa kuma akwai sito, wanda katangarsa ke kallon tsakar gida. A gindin katangar nan duniyar Baba take.

Ba ya rubuta komai a kan kayansa. Ya iya ajami sarai, amma cewa yake takarda ba ta tsiro. Duk buhun da ya shigo sito, kafin a auna wa wani ko mudu ɗaya, sai ya zura hannu har gwiwar hannu ya ɗebo ƙwaya goma daga tsakiya. Ya binne su a gwangwani mai huda a gindi, ya ajiye a jikin katanga. Buhun farko daga bakin ƙofa, gwangwanin farko daga bakin ƙofa; na biyu, na biyu; haka har ƙurya. Masara a gwangwanin madara, dawa da gero a na tumatir, wake a tsofaffin kofunan da Inna ta gaji da su. In tara ko goma suka fito, buhu ya halatta. In takwas ne, ya gaya wa mai saye ya ƙara ƙwaya a rami. Ƙasa da haka kuwa, buhun ya koma inda ya fito, ko na wane ne. Wanda ya kwana shekara a sito ma, kamar sabon shigowa yake ɗaukarsa, ya yi masa sabon gwangwani.

Idan buhu ya ƙare, sai ya zazzage ƙasar ya kife gwangwaninsa a mazauninsa. Da safe in ya dawo daga masallaci, zai ɗauki butarsa ya bi layin yana ɗiga ruwa, kuma kafin ya kai ƙarshe ya san abin da ya rage, abin da ke shirin ƙarewa, da abin da ya daɗe a ajiye. In kifaffu suka yi yawa a layin madara, sai ka ji ya ce a nemo masa mai mota, za a je Tudun Wada. Mu da muka tashi a gidan, an bar mu mu hau katanga, mu hau darbejiya, amma ban da wasa kusa da gwangwanayen. Akuyar Inna ta taɓa zura baki ta cinye tsiro biyu. Ranar kasuwa na zagayowa aka rabu da ita.

"Ni ba iri nake sayarwa ba," in ji shi, "daminar mutane nake sayarwa. Wanda ya sayi ruɓaɓɓen tumatir, miyar yini ɗaya ya rasa. Wanda ya sayi mataccen iri, shekara ya rasa."

Wannan magana mai daɗin ji ce a wurin ta'aziyya, amma zama da mai ita ba sauƙi. Akwai shekarar da ruwa ya sauka da wuri, sabon kaya ya iso, gwangwanayensa ba su ce komai ba tukuna. Manoma suka cika ƙofar shago, Baba ya zauna a bencinsa yana jan carbi, ya ce sai sun fito. Suka gaji suka tafi kasuwa suka saya a wurin wasu. Da tsiron ya fito, goma cif a kowane gwangwani. Irin lafiyarsa ƙalau, kasuwar ce ta wuce shi. Shekarar nan ba mu ga sabon ɗinki da Sallah ba. Na ce masa, "Baba, ai da ka sayar da ba abin da zai faru." Ya ce, "Yanzu kika sani, Auta. Ranar ba ki sani ba, ni ma ban sani ba."

Rigimar da ta fi tsaya mini a rai kuwa tasa ce da Baffa, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, mai noma a Doguwa. Baffa ya ajiye irin masara daga gonarsa, ya ɗoro shi a mota ya kawo, yana ta murna zai shiga harkar yayansa. Cikin goma, huɗu suka fito. Ina tsakar gida ina wanke-wanke suka tsaya a kan gwangwanin.

"Yaya, a sake gwadawa mana," in ji Baffa. "Wataƙila ƙasar ce."

"Ƙasar da na zuba wa na kowa, ita na zuba wa naka."

"To ai ni ba kowa ba ne."

"A tsakar gida kai ba kowa ba ne. A sito kuwa buhu buhu ne. Ba na gwada buhu sau biyu."

Baffa ya kwashe kayansa ko ruwa bai sha ba. Sallah biyu aka yi ba mu gan shi ba. Na ji haushin Baba ƙwarai, na kuma gaya wa Inna cewa ƙwaya goma ba ta kai a ɓata zumunci a kanta ba. Daga baya sun shirya, amma Baffa bai ƙara leƙa sito ba, kuma kowa a dangi ya haddace kalmar: ba ya gwada buhu sau biyu.

Duk da haka, mutumin nan da ya kori ƙaninsa a kan ƙwaya huɗu bai taɓa sayar da ragowar gindin buhu ba. Tarawa yake a ƙwarya, in an fara shuka ya aika wa matan da mazajensu suka rasu suka bar musu 'yar gayauna. Tsiron gwangwani ma ba ya zubarwa. Dasa shi yake a bayan gida, in masarar ta nuna ya gasa wa jikokinsa da kansa, yana hura wuta yana tari.

Sai maganar Yaya, wanda shi ne ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, Inna ma haka. In Baba zai yi maganarsa, cewa yake "mai babur ɗin nan", don Yaya acaɓa yake yi tsakanin Ƙafin Maiyaki da Kiru. Inna kuwa ko yana tsaye a gabanta ni take kallo ta ce, "Ce masa abincinsa na nan." Haka suka zauna, ba yabo ba fira, kowa yana son kowa ta bayan katanga. Yaya yana yi wa gwangwanayen dariya, yana kiransu makarantar Baba.

Bana, da ya ga ƙarfin Baba ya ja baya, sai ya sayar da babur ɗinsa, ya hau mota zuwa Kano, ya dawo da buhu shida na irin masara. Buhuna ne masu sheƙi, ɗinkin inji, da hoton zangarniya a jiki, ƙwayar kuma an rina ta da jan magani. Karon farko ke nan da ya kawo kaya da ƙarfin kansa. An ce Baba ya zagaya su, ya ce a shigar da su ƙurya, sannan ya fara naɗe hannun riga.

"Baba, wannan fa na kamfani ne," in ji Yaya. "An riga an gwada shi."

"To ai ba zai ji tsoron gwangwani ba."

Bayan wannan da kaɗan Baba ya kwanta, kuma bai tashi ba.

Ranar rasuwar, mata suka cika tsakar gida har ba wurin shimfiɗa tabarma. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Badafi, mace ce da ba ta iya ganin abu a ƙasa ta ƙyale. Ta sa aka kwashe gwangwanayen kaf aka tara su a bayan rumbu, ta share gindin katangar, aka shimfiɗa wa baƙi. Ni ban lura ba sai washegari, da na fito alwala na ga katangar nan fayau.

"Gwaggo, ina gwangwanayen?"

"Ga su can na adana. Ko ɗaya ban fasa ba, har ruwa na ba su," ta faɗa tana jiran a gode mata.

Na je bayan rumbu na tsuguna. Na dawa da gero da wake duk sun fito kore shar. A na madara, mafi yawa sun fito, tara-tara, goma-goma. Amma guda shida ƙasa ce zalla, ko alamar tsiro babu. Ma'ana a cikin sito akwai buhun masara shida matattu, kuma abin da zai nuna su shi ne mazaunin gwangwani a layi, layin kuwa tsintsiyar Gwaggo ta tafi da shi. Na so in yi mata ihu. Na dubi idonta da ya kumbura don kukan ɗan'uwanta, na haɗiye.

Da yammacin ranar ruwan shuka ya sauka, irin wanda ke jiƙa ƙasa har ƙasa. Da safe aka yi addu'ar uku, aka raba waina, aka shafa. Amma maza ba su watse ba. Suka riƙa ja da baya zuwa ƙofar shago, wasu da buhunan da suka naɗe a hammata, wasu sun jingine sungumi a jikin bishiya kamar ba nasu ba. Dattijon nan na Tiga ne ya yi magana da yawunsu. Ta soro na ji shi.

"Ɗana, ka yafe mana, ba don mu takura maka ba ne. Ƙasa ce ba ta san makoki ba. In danshin nan ya tafi, Allah kaɗai ya san ranar da wani zai zo."

Yaya ya ce su ba shi ɗan lokaci. Ya shigo tsakar gida da mukulli a hannu, Baffa na biye da shi. Na tare shi na nuna masa abin da ke bayan rumbu. Ya duba, ya sake dubawa, na ga jijiyar goshinsa ta tashi.

"Ai wannan ba wuya," ya ce. "Kwantan bara ne. Akwai buhu takwas na bara a bakin ƙofa, dole a cikinsu ne. A ture su gefe, a fara da sababbin."

"Kai ka gani?"

"Sai na gani? Tsohon iri ne ke mutuwa, ba sabo ba."

"A sake gwada su duka, Yaya."

"A sake gwadawa? Kafin su fito mutanen nan sun gama shuka da irin kasuwa. Sai in zauna da sito cike da kayan da ba za su kai baɗi ba? Ke kina Bebeji, mijinki na kawo miki cefane. Inna fa? Yarana fa? Babur ɗin ma babu shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce. Irin da aka rina da magani ba ya ciwuwa, ko kaza ba a ba shi. In bai shiga ƙasa bana ba, ya zama shara. Amma ni ma bakina ba shi da linzami.

"Matattun shida ne," na ce. "Naka nawa ne?"

Matan da ke kan tabarma suka daina motsi. Yaya ya matso har ina jin hucinsa.

"Me kike nufi? Ni ne zan kawo wa ubana mataccen iri? Na kamfani? Duk wannan tarkacen ne ya hana shagon nan ci gaba tun muna yara!"

Ya sa ƙafa ya yi fatali da ɗaya daga cikin matattun. Gwangwanin ya daki rumbu, ƙasar ta tarwatse a gaban Baffa. Gwaggo ta yi salati. Ni kuwa ƙasar na tsura wa ido, don akwai jajayen ƙwayoyi a cikinta, sun kumbura, wasu sun fara ruɓewa. Kusan duk irin masarar yanzu da jan magani yake zuwa, na bara ma haka, don haka launin bai nuna komai ba. Yawansu ne ya tsayar da ni. Na tsuguna na tsince su a tafin hannu.

Ashirin ne.

Baffa ya karɓa ya baza su a nasa tafin. Ya jawo wani mataccen ya zazzage. Ashirin: goma a ƙasa sun yi baƙi, goma a sama ba su daɗe ba. Ya zazzage na uku, haka.

"An gwada su sau biyu," ya ce.

Yaya ya ce, "Ba zai yiwu ba. Baba ba ya..."

Inna tana takaba, tun ranar rasuwar ba ta ɗaga murya ba. Sai ga labulen ɗakinta ya motsa. Ba ta fito ba, ba ta kuma dubi Yaya ba. Ni ta kira.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Ce masa, safiyar ranar da Malam zai kwanta, na gan shi a tsugune can ƙarshen katanga, wajen ƙurya, yana sake binne ƙwaya. Na ce, Malam, yaushe ka fara maimaitawa? Bai ɗago ba. Ya ce, wataƙila ƙasar ce."

Baffa ya saki wani sauti, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Ya juya ya fuskanci rumbu. Kalmarsa ce, wadda aka ƙi karɓa daga bakinsa, har ta ci musu Sallah biyu. "Ni ya hana ni," ya ce a hankali. "Wallahi ni ya hana ni."

Ba sai na maimaita wa Yaya saƙon ba. Yana tsaye, mukulli a hannu, yana kallon ƙwayoyin da ke ƙasa. Mutumin da bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ce masa sannu da ƙoƙari ba, ya ga kayan ɗan nasa sun mutu, ya kasa gaya masa, ya kuma kasa sayarwa, sai ya karya dokar da ya riƙe tsawon rayuwarsa, ya zauna jiran ko ƙasa za ta canza magana. Ajali ya riga tsiron. Na daɗe ina cewa Baba ba shi da tausayi a kan abin da ya shafi sito. Ranar na yi kukan da ban yi ba ranar da na tarar an fita da shi.

A waje wani ya yi gyaran murya, wani ya ƙwanƙwasa ƙyauren shago a hankali. Har yanzu Yaya zai iya buɗewa ya auna musu daga buhunan masu sheƙi. Ba wanda ke waje da ya ji abin da aka yi a ciki, kuma kafin gona ta tona, an ɗau lokaci, ana iya cewa tsuntsu ne ko ƙarancin ruwa. Babur ɗinsa ne a cikin buhunan nan shida. Ban ce masa komai ba, karon farko a rayuwata.

Ya buɗe sito ya shige har ƙurya. Muka ji jan buhu a ƙasa. Ya fito da baya yana jan na farko, hoton zangarniyar na gogar ƙasa, ya nufi bayan rumbu da shi. A tsakiyar hanya ƙarfinsa ya gaza, ya tsaya yana haki, hawaye na ɗiga a kan buhun. Baffa ya goge fuska da hularsa, ya zo ya kama masa ɗaya bakin. Haka suka fitar da shidan.

Sannan Yaya ya wanke hannu, ya buɗe shago, ya fara auna wa dattijon Tiga daga buhun bakin ƙofa, kwantan bara da ya so turewa.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kafiyarsa da namu surutun, ya sa abin da ya shuka ya fito masa goma cif a inda ya tafi. Safiyar da zan koma Bebeji, na fito na tarar an mayar da gwangwanayen gindin katanga, an zuba sabuwar ƙasa. Yaya yana tsugune da butar Baba yana bin layin, ya ce in bi ta can gefe kada in taka.